Ƙarfin Wutar da DAC Ke Fitarwa da Tasirinsa a Kan Amfilifayar Hedifon

Duk sautin da ke ajiye a waya ko kwamfuta, waƙa ce ko karatun Alƙur'ani ko maganar ɗan fim, jerin lambobi ne kawai. Kafin kunne ya ji shi, sai an mayar da lambobin nan wutar lantarki mai hawa da sauka daidai da yadda iska ta girgiza a bakin makirfo ranar da aka ɗauke shi. Na'urar da ke wannan aiki ita ake kira DAC, wato majuyin lambobi zuwa sauti. Tana cikin kowace waya da kowace laftof, tana cikin ɗan akwatin sawunkad da ake gani a teburin situdiyo, har ma cikin ɗan guntun wayar da ake maƙala wa wayoyin da ba su da ramin iyafis. Wutar da majuyi ke fitarwa saƙo ce, ba ta da ƙwarin da za ta motsa ɗan lasifikar da ke cikin hedifon yadda ya kamata, shi ya sa ake sa amfilifaya a tsakaninsu. A mahaɗar waɗannan na'urori biyu akwai adadi guda da masu saye ba su cika dubawa ba, alhali a kansa kusan komai ya rataya: bolt nawa majuyin ke fitarwa idan sauti ya kai ƙololuwarsa.

Tambayar tana da muhalli a Jos fiye da garuruwa da yawa. A nan ne aka fara watsa talabijin mai launi a Najeriya a tsakiyar shekarun 1970, a tashar Benue-Plateau. A nan hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, da Cibiyar Koyar da Harkar Fim ta Ƙasa, da Kwalejin Talabijin ta NTA. Garin Ɗan Maraya ne da kuntiginsa, garin Panam Percy Paul, kuma daga nan su M.I da Ice Prince da P-Square suka taso. Wannan gado ya gangaro cikin unguwanni. A Kongo-Rasha da maƙwabtanta a Jos ta Arewa, ɗaki ɗaya da aka manna wa soso a bango ya isa a kira shi situdiyo: a ɗauki waƙar biki da safe, ƙasidar ɗaliban Islamiyya da rana, mawaƙan coci da yamma. Kayan aikin kuwa tsintar su ake yi ɗaya bayan ɗaya, wani sabo daga shagunan Taminus ko titin Ahmadu Bello, wani na hannu, wani aro. Ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba, ba kuma don su yi aiki tare aka ƙera su ba. A irin wannan haɗi ne rashin jituwar bolt ke fitowa fili.

Lambobin sauti suna da rufi. A tsarin faifan CD, wanda ya shiga kasuwa a 1982, ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo kuma a rubuta shi da bit 16, abin da ke ba da matakai 65,536 daga can ƙasa zuwa can sama. Babu lambar da ta wuce ta saman, kuma ita ce sifirin da ake gani a ƙarshen mitar manhajar haɗa sauti, inda take komawa ja. Sai dai lambar ba ta faɗi bolt nawa za ta zama ba. Wannan hukuncin maƙerin na'ura ne. Fayil ɗaya, waƙa ɗaya, a wata na'ura ƙololuwarta rabin bolt ce, a wata bolt 2, a wata bolt 12. Adadin da kamfanoni ke rubutawa yawanci matsakaicin ƙarfi ne da ake yi wa alama da RMS, ba tsinin igiyar ba. Bolt 2 na RMS yana nufin igiyar tana hawa zuwa 2.83 ta kuma sauka zuwa 2.83 a ɗaya ɓangaren, tazarar 5.66 ke nan daga sama zuwa ƙasa. Wanda ya kwatanta RMS na wata na'ura da tazarar sama-da-ƙasa ta wata, ya yi kuskuren da ya kusa ninki uku.

Bambancin ya samo asali ne daga tarihi. Injiniyoyin tarho na dā suna aiki da layuka masu turjiyar om 600, kuma bolt 0.775 ne ke ba da miliwat ɗaya a irin wannan layi. Adadin ya zauna ya zama ma'aunin da ake kira dBu. Gidajen rediyo da situdiyo suka tsayar da matakin aikinsu a +4 dBu, wato bolt 1.228. Kayan gida kamar rediyo mai kaset da bidiyo suka tsaya a −10 dBV, bolt 0.316. Tazarar da ke tsakani ta kusa desibel 12, kusan ninki huɗu. Waɗannan biyun matakin aiki ne na yau da kullum, akwai rara a samansu: kayan situdiyo na tsarin Turai kan kai +18 dBu kafin su ƙure, kimanin bolt 6.2, na tsarin Amurka kuma +24 dBu, kimanin bolt 12.3. Da na'urorin CD suka zo, sai suka kafa wata al'ada ta daban, bolt 2 a ƙololuwa, kuma ita yawancin majuyan tebur ke bi har yau a ramukan RCA masu ja da fari, su ba da bolt 4 a ramukan XLR masu ƙafa uku. Wayoyin hannu suna can ƙasa. Ɗan guntun majuyin da Apple ya fara sayarwa bayan da ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016 yana ba da kimanin bolt 1, samfurinsa na USB-C da ake sayarwa a Turai kuma kimanin rabin haka, saboda dokokin kare ji na can. Kasuwar kayan hannu ta Najeriya tana karɓar kaya daga duk waɗannan duniyoyi, ba tare da takardar da ke cewa daga ina kowanne ya fito ba.

Desibel hanya ce ta ƙirga ninki. Ninka bolt sau biyu ƙarin desibel 6 ne, sau goma kuma desibel 20. Kunnen mutum yakan ji ƙara ta ninka ne idan an ƙara kimanin desibel 10.

Aikin amfilifaya iri biyu ne, kuma raba su yana warware rikici mai yawa. Na farko ninka bolt: abin da ya shigo a ninka shi da wani adadi, wanda masu situdiyo ke ce wa gein. Na biyu samar da kwararar wuta isasshiya, domin hedifon yana zuƙar wuta, majuyi kuwa an yi shi ne ya tura saƙo cikin mashiga mai turjiya babba da ba ta zuƙar kome. Amfilifaya mai ninki ɗaya, wadda ba ta ƙara ko ɗigon bolt, tana da amfani saboda wannan aiki na biyu. Sannan tana da nata rufin, wanda wutar da ake ciyar da ita ke yankewa. Batirin waya mai bolt 3.7 ba zai iya ba da fiye da kimanin bolt 1.3 na RMS ba, ramin USB mai bolt 5 kuma kimanin 1.8, sai fa in an sa wata da'ira a ciki da ke ɗaga wutar. Lissafin gaba ɗaya gajere ne: bolt ɗin majuyi sau ninkin amfilifaya, ya kai abin da hedifon ke buƙata, kada kuma ya wuce rufin amfilifayar.

Abin da hedifon ke buƙata ana fitar da shi daga adadi biyu da ke jikin kwalinsa, turjiya da saurin amsawa. A ɗauki uku da aka saba gani a situdiyo. Beyerdynamic DT 770 Pro mai om 250 yana ba da desibel 96 a miliwat ɗaya, kuma miliwat ɗaya a om 250 rabin bolt ne. Bolt 1 zai ba da 102, bolt 2 ya ba da 108. In ana so tsinin sauti, irin bugun kalangu ko tsinkar kuntigi da ke wucewa cikin ƙiftawar ido, ya kai desibel 110 ba tare da ya fashe ba, ana buƙatar bolt 2.5. Audio-Technica ATH-M50x, om 38 da desibel 99, yana kai wannan matsayi da kimanin bolt 0.7, amma yana zuƙar wuta kusan ninki biyu na na farkon. Sony MDR-7506, om 63 da desibel 106, bolt 0.4 ya ishe shi. Tsakanin na farko da na ukun akwai fiye da ninki shida. Saboda haka maganar cewa wata amfilifaya tana da ƙarfi ko ba ta da shi ba ta cika ba sai an faɗi hedifon da za ta tura da majuyin da zai ciyar da ita. Don kai DT 770 ɗin nan ga bolt 2.5, majuyi mai rabin bolt yana buƙatar ninki biyar, mai bolt 1 ninki biyu da rabi, mai bolt 2 ɗan ƙari kaɗan, mai bolt 4 kuwa ragewa ma za a yi.

Idan wutar majuyi ta gaza, alamar a bayyane take: an murɗa ƙara har ƙarshe, sautin bai cika kunne ba. Amfilifayar da aka rubuta mata bolt 6 a takarda, mai ninki uku, ba za ta taɓa kai shidan ba in waya mai rabin bolt ke ciyar da ita, a bolt 1.5 za ta tsaya, kashi ɗaya cikin goma sha shida na ƙarfin da aka saye ta dominsa, tunda ƙarfi yana tafiya ne da bolt sau bolt. Mai ita sai ya ce an sayar masa da jabu, alhali yunwa take ji. Wannan matsala ta fi cizon mai aiki a situdiyo fiye da mai saurare a gida. Waƙar da aka gama gyarawa an matse ta har matsakaicinta ya matso kusa da rufi. Ɗanyen ɗauka kuwa, wanda mai hankali ke barin matsakaicinsa wajen desibel 18 ƙasa da rufi don gudun fashewa, ya fi ta sanyi da desibel 10 ko fiye. Haka sautin fim da na talabijin, wanda ƙa'idar Turai ta R128 ta 2010 ta ajiye wajen desibel 23 ƙasa da rufi, yayin da Spotify ke daidaita waƙoƙi wajen desibel 14 ƙasa da shi. Haɗin da ya wadatar wajen jin waƙa a waya zai iya gazawa wajen tace maganar fim, ko wajen mawaƙiyar da ke son jin kiɗa a kunnenta sama da muryarta.

Yawan wuta ya fi wuyar ganewa, domin yana zuwa da fuskoki uku, kuma babu wadda ke nuna majuyi da yatsa.

Ta farko fashewa. Idan igiya ta nemi wuce rufi, sai a aske mata kai, ta koma mai faɗin sama, kunne kuma ya ji kaushi da tsatsa musamman a kan ganga da harufan sa da sha. Mutane sun saba cewa in sauti ya fashe a rage ƙara. Wannan yana aiki ne kawai idan mamurɗin ƙara yana gaban matakin ninki, yana rage abin da zai shiga. A wasu amfilifayoyi mamurɗin yana baya. Sanannen misali ita ce Objective2, wadda wani injiniya mai laƙabin NwAvGuy ya fitar da zanenta kyauta a 2011, aka yi ta haɗa ta a ƙasashe da yawa. Ninkinta na asali 2.5 ne da 6.5, rufinta kuma wajen bolt 7 in tana kan wutar bango. Majuyi mai bolt 1 a babban ninki yana ba da 6.5, ya shige lafiya. Mai bolt 2 a ƙaramin ninki yana ba da 5, shi ma lafiya. Mai bolt 2 a babban ninki yana neman 13, mai bolt 4 ko a ƙaramin ninki yana neman 10, kuma duka biyun za su fashe ko da an rage ƙara har ta zama raɗa, domin an riga an aske igiyar kafin ta iso mamurɗi. Maƙerin bai ɓoye wannan ba, ya zaɓi tsarin ne don rage huci. Darasin na iya shafar ƙaramar amfilifaya mai raba sauti ga hedifon huɗu da ke aiki da adafta mai bolt 12, in aka ciyar da ita daga sawunkad mai fitar da sama da bolt 4 a bayansa. Sautin da ke fashewa a ƙaramar ƙara shaida ce cewa mashiga ce ta cika, kuma maganin yana wajen majuyi.

Ta biyu ta shafi mamurɗin kansa. A cikinsa akwai zirin gawayi biyu, na kunnen dama da na hagu, kuma ba sa taɓa zama daidai ɗari bisa ɗari. Bambancinsu ya fi yawa a farkon murɗawa. Idan majuyi mai bolt 2 ya haɗu da ninki biyar da MDR-7506, akwai bolt 10 inda 0.4 ya isa, rarar desibel 28, sai duk aikin ya takure a ɗan yankin da mamurɗi ya fi rauni. Taɓawa kaɗan ƙara ta yi tsalle, kuma murya ta karkata kunne ɗaya. Ga mai haɗa waƙa wannan ɓarna ce ta gaske: zai gyara karkatar da babu ita a cikin fayil, ya tura wa mai waƙa aikin da ya karkata ɗaya gefen. Mamurɗi ya fi yin daidai daga wajen ƙarfe goma zuwa ƙarfe biyu, in aka ɗauke shi kamar fuskar agogo.

Ta uku huci, wannan shuu da ake ji idan waƙa ta tsaya. Kowace da'ira tana da shi, domin zafi kansa yana girgiza wutar da ke cikin waya, abin da Johnson da Nyquist suka bayyana a 1928. Majuyi mai bolt 2 wanda hucinsa ke desibel 110 ƙasa da rufi yana fitar da huci kimanin maikrobolt 6. In aka buɗe mamurɗi duka a ninki biyar, ya zama 32. A DT 770 mai om 250 wannan desibel 12 ne, babu mai jin sa. A iyafis masu shiga cikin kunne, waɗanda wasunsu ke ba da desibel 125 a bolt ɗaya, ya kai 35, kuma da dare ana jin sa sarai. Babban ninki yana ɗaga hucin majuyi da na amfilifaya tare, ko ana buƙatar ƙarar ko ba a buƙata.

Daga nan ake gane inda ya fi dacewa a rage ƙara. Ragewa a kwamfuta tana ƙanƙantar da lambobi, amma hucin majuyi yana nan inda yake, don haka tazarar da ke tsakanin sauti da huci ke raguwa. Kowane desibel 6 daidai yake da bit ɗaya. A zamanin bit 16, mai faɗin desibel 96, rage 30 yana barin 66, asarar da ake iya ji. Majuyan yau suna karɓar bit 24 ko 32, masu kyau cikinsu suna da faɗin desibel 115 zuwa sama, saboda haka rage 10 ko 15 a kwamfuta ba ya cutar da kome, yana ma ceton mamurɗi daga yankinsa mara kyau. Tsohuwar shawarar cewa a bar ƙarar kwamfuta a ɗari kullum ta tsufa. Akwai ma dalilin sauka ƙasa da ɗari: idan majuyi yana zana igiya tsakanin awo da awo, tsininta na iya haura lamba mafi girma, a wasu lokuta har da desibel 3, kuma waƙoƙin da aka matse sosai sun fi jawo haka. Majuyin da ba shi da rara zai aske wannan tsini a cikinsa. Rage desibel 3 kafin sauti ya shiga majuyi yana rufe wannan ƙofa. Abin da ba shi da kyau shi ne a kai ƙarar kwamfuta can ƙasa sannan a buɗe amfilifaya duka a babban ninki.

Duk da haka akwai hujja mai ƙarfi ta son majuyi mai wuta sosai, kuma a unguwa irin Kongo-Rasha ta fi ƙarfi. Wutar kamfanin JED tana zuwa tana tafiya, tsakani kuma janareta ne ko inbata, soket da yawa ba su da wayar ƙasa, caja da fitilu masu araha suna watsa datti cikin layi. Duk wannan yana shiga wayar da ta haɗa majuyi da amfilifaya a matsayin gurnani mai bugu 50 a daƙiƙa da 'ya'yansa, ko wani zizar da ke canzawa idan an motsa linzamin kwamfuta. Girman dattin bai damu da girman saƙon ba. Milibolt ɗaya na gurnani yana desibel 50 ne kawai ƙasa da saƙo mai bolt 0.316, ana jin sa. A ƙarƙashin saƙo mai bolt 4 yana desibel 72 ƙasa. Wato gara a tura saƙo babba cikin waya a rage shi a bakin amfilifaya, da a tura ƙarami a ninka shi tare da dattinsa. Wannan ne dalilin da ya sa gidajen rediyo suka zaɓi matakin sama tun farko. Wayar XLR ko babban jak mai zobe biyu tana ƙara kariya, domin tana ɗauke da saƙon a layi biyu, mashiga kuma tana karanta bambancinsu ne kawai, dattin da ya hau su daidai sai ya soke kansa. Gwaji mai sauƙi: a zare cajar laftof. In gurnanin ya ɗauke, daga layin wuta yake, canza majuyi ko hedifon ba zai taɓa shi ba.

Faɗuwar wutar bango ma tana taɓa rufin. Ma'aunin Najeriya bolt 230 ne, amma da yamma yakan sauka ƙasa sosai a layukan da lodi ya yi wa yawa. Majuyi ba ya damuwa, domin yana da abin da ke riƙe masa ma'auni a ciki. Amfilifayar da ke cin wuta kai tsaye daga taransifoma mai nauyi kuwa rufinta yana bin wutar bango: daga 230 zuwa 180 asarar kimanin desibel 2 ce. Haɗin da yake dab da rufi da safe zai fara fashewa da magariba ba tare da an taɓa kome ba. Adafta mara nauyi da aka rubuta wa 100 zuwa 240 ba ta da wannan rauni, ko da yake marasa kyau cikinsu su ne kan gaba wajen kawo ziza. A irin wannan wuri rarar desibel 3 zuwa 6 tsakanin abin da ake nema da rufin amfilifaya wajibi ce.

Turjiya a mahaɗar majuyi da amfilifaya ba ta cika kawo matsala ba. Mafitar majuyi takan kasance wajen om 100, mashigar amfilifaya om 10,000 ko fiye, asarar kashi ɗaya cikin ɗari. Inda ake faɗawa rami shi ne a ɗaya bakin. Hedifon huɗu masu om 38 da aka haɗa a ramin guda da 'yar wayar rabawa sun zama om 9.5, suna neman wuta ninki huɗu, sai amfilifaya ta ƙure a kwarara tun bolt bai je ko'ina ba, kuma ƙara wutar majuyi ba zai yi maganin wannan ba. Haka nan cusa hedifon kai tsaye a mafitar layi ta bayan sawunkad yana ba da sauti siriri mai canza launi, domin ƙa'idar da masu sana'a ke bi ita ce turjiyar mafita kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta hedifon, om 4 ga hedifon mai om 32. Ciyar da amfilifaya daga ramin iyafis na waya ko laftof kuwa ba laifi ba ne in babu wata hanya, muddin an ɗaga ƙarar wayar kusa da ƙarshe aka kashe duk wani gyaran bas da ke cikinta.

Akwai wani ruɗi da ke cin kuɗin mutane a shago. In aka jera majuyi biyu, ɗaya mai bolt 2, ɗaya mai 2.5, aka saurare su bi da bi ba a taɓa mamurɗi ba, kusan kowa zai zaɓi na biyun. Zai ce ya fi bas, ya fi tsabta, ya fi faɗi. Bambancin desibel 2 ne kawai na ƙara, amma kunne ba ya jin ƙasa da saman sauti daidai a kowace ƙara, yana ƙara buɗe musu idan ƙara ta ƙaru, sai ya fassara ƙarin ƙara da ƙarin kyau. Masu gwaji na gaskiya suna daidaita na'urori biyu har bambancinsu ya sauka zuwa kimanin desibel 0.1 kafin su saurara. Yawan bolt a kan kansa ba ya ƙara wa majuyi inganci; abin da yake yi shi ne sauya ninkin da ake buƙata da tazarar da ke tsakanin saƙo da datti.

Sanin adadin bai buƙatar ɗakin gwaji. Mitar da masu gyaran rediyo da waya ke amfani da ita ta isa. A cire hedifon, a samar da sauti tsantsa mai bugu 50 a daƙiƙa a cikakken mataki daga manhaja irin Audacity, a kai ƙara ƙarshe, a sa mita a awon wutar AC, a taɓa ƙafafun jak. Ana zaɓar 50 ne domin mitoci masu araha a nan suka fi faɗin gaskiya, an yi su ne don wutar bango. Da an san bolt ɗin majuyi, sai a raba abin da hedifon ke buƙata da shi, abin da ya fito shi ne ninkin da ya dace, a zaɓi mafi ƙanƙantar ninkin da ya kai shi. Sawunkad da miksoci da yawa suna da maɓallin +4 da −10 a baya ko a cikin manhajarsu, kuma sau da yawa danna shi kaɗai ke raba situdiyo da fashewar da ta yi watanni tana damun sa.

Desibel 110 da aka yi lissafi da shi tsini ne na ɗan lokaci, ba ƙarar da za a zauna a ciki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke saurare. Ma'aunin wuraren aiki na cibiyar NIOSH ta Amurka desibel 85 ne na awa takwas, kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama minti 15 kacal a desibel 100. MDR-7506 a bolt ɗaya tak yana iya kai 118. Haɗin da rara ta yi masa yawa yana ajiye irin wannan ƙara a tazarar ɗan yatsa, kuma idan janareta na ruri a bakin ƙofa hannu yakan kai ga mamurɗi ba da sani ba. Ƙwayoyin ji da ke cikin kunne ba sa sake tsirowa in sun mutu, kuma sautukan sama ne ke fara tafiya, waɗanda mai haɗa waƙa ke dogara da su wajen auna kaifin murya. Hedifon rufaffe mai toshe hayaniyar waje, da nisanta janareta daga bango, da saita ninki yadda ƙarshen mamurɗi ba zai wuce abin da aikin ke buƙata ba, suna rage awannin da kunnen mai situdiyo ke shafewa sama da desibel 85 a kowane mako.